Motar da Za Ta Ɗauko Gwaggo

Unguwar Rimi, Kaduna
Litinin, 10 ga Afrilu, 1972

Zuwa ga ɗan'uwana Rabe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya daɗe bai taka gida ba. Yaya zafin Jibiya, yaya hanya, yaya Larai da yara? Gaisuwar Gwaggo Hansai kuwa ka ba Larai ta kai wa mahaifiyarta, don na san kai iyakarka zaure. Mu nan lafiya lau, in ban da tari da ya kama mai ɗakina Mero mako guda, shi ma ya lafa. An yi yayyafi ranar Alhamis, bai ko jiƙa ganyen mangwaro ba.

Na kai wa likitan ido takardar da malamin asibitin Katsina ya rubuta. Ya ce bisa bayanin da ya gani, yanar da ke idon Gwaggo ta isa cirewa. Ya ba mu ranar Talata, 16 ga Mayu. In muka wuce wannan makon zai tafi hutu ƙasarsu, sai bayan damina, kuma ya ce jinkiri ba alheri ba ne ga idon hagu, tunda na dama ya riga ya rufe. Na rubuta ranar a wuri uku. Ka san Gwaggo ba yayar babana kaɗai ba ce a wurina. Ita ta goye ni tun ina wata bakwai.

Saura yadda za ta zo. Kowa zai ce ai Sanda ya sayi Fijo 404 a watan Janairu, ya je ya ɗauko ta mana. To, ina da 'yan tambayoyi, kai kuwa shekararka goma sha biyar kana tuƙi tsakanin Jibiya da Maraɗi. Mil 1,140 kacal motar ta yi, kuma ba ta taɓa wuce Zariya ba. In na tashe ta da safe ina jin wata 'yar ƙara ƙarƙashin sitiyari, kamar ana taɓa cokali a jikin kwano. Allurar zafi kuma ina ganin takan ɗan gota tsakiya, ko da yake da ido na auna, ba ni da tabbas. A ofishinmu na safiyo Malam Yakubu ya ce da 504 na saya da hankalina ya kwanta. Wani kuma ya ce tsohuwar 403 ta fi su duka. Wa zan bi?

Shi ya sa nake tunanin ko za ka kawo ta a a-kori-kurarka. Na san akwai kunya tsakanin suruki da suruka, amma lalura ce. Ko kuma a sa ta a motar haya tare da Larai, ni in tare su a tashar Kawo.

Ina jiran amsarka. Ka huta lafiya.

Ɗan'uwanka,
Sanda

Jibiya
16 ga Afrilu

Yaya Sanda, babban akawu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun ji lafiyarku, mun gode ma Allah. Allah ya ƙara ma Mero sauƙi. Nan kowa lafiya, sai rana, ita ma ba baƙuwa ba ce.

Na karanta tambayoyinka a tasha, har direbobi suka ce mi ya sa nake dariya ni kaɗai. Yaya, 403 ɗin da na koyi tuƙi da ita har yau tana jigilar gyaɗa a Ɗan Isa. Ƙofarta da igiya ake ɗaurewa, amma injin ko tari ba ya yi. Tawa kuwa 404 ce irin taka, uwa ɗaya uba ɗaya, bayanta kawai aka buɗe. Shekara shida tana cikin rairayi da lodin albasa, ba ta taɓa kwanar da ni a daji ba. Ita 504 ƙanwarsu ce da ta yi boko, kujerarta ta fi laushi, ka gaya ma Malam Yakubu na yarda. Akwai ƙaramarsu 204, ta masu zuwa ofis su dawo. Duk gidan ban ga rago ba. Ka duba mata ruwa, ka duba baƙin mai, ka bar ta ta yi aikinta. Motar da ba a tafiya da ita ce ke ciwo.

Maganar Tsohuwa kuwa, Larai ta kai mata, ni ina zaure ina jiyowa. Cewa ta yi, "Ni? In zauna kafaɗa da kafaɗa da mijin 'yata tun daga nan har Kaduna? In ji ƙishirwa in sha ruwa a gabansa? Gara duhun." Ka san gaban motata kujera ɗaya ce. Baya kuwa ko akuya ba na sawa a wannan ranar. Motar haya ma ta ƙi. Ta ce ita da ba ta gani, ba ta shiga motar wanda ba ta san muryarsa ba. Larai kuma ba ta iya rakiya, watanta ya kusa.

Ta ce motar yaronta za ta shiga. Ta riga ta ɗaure ƙunshinta, ta ware ma Mero daddawa mai yawa daga wadda ta yi da hannunta. Duk wadda ta shigo saye sai ta ji labarin farar motar Sanda, alhali ni ban ce mata fara ce ba, ita ta zaɓa maka.

Larai ta ce in gaya ma taubashinta ya rage rubutu ya ƙara taka mai.

Ƙanenka,
Rabe

Unguwar Rimi, Kaduna
Juma'a, 21 ga Afrilu, 1972

Ɗan'uwa Rabe,

Sallama da fatan alheri. Ina fata jikin Larai da sauƙi. Ka ce mata na ji saƙonta, zan rama ranar suna. Mero ta warke sarai, tana gaishe ku.

Na gode da bayaninka, na kwafe shi a littafina. Na sa Bawa, bakaniken Abakpa, ya zo har gida ya duba motar. Ya shiga ƙarƙashinta, ya buɗe lagireto, ya kwance fulogi ɗaya ɗaya. Ƙarar da nake ji, wai makullan kabad ɗin ofis ne da na haɗa da makullin mota suke bugun ƙarfe. Allurar zafi kuma ya ce a nan masu ita suka ajiye ta. Ya ce in ina neman mota mai ciwo in zo garejinsa in zaɓa.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Daga nan zuwa Jibiya ya kusa mil ɗari biyu da hamsin. Akwai manyan motocin Funtuwa, akwai mahaɗar Yashe, ga shi ruwa ya fara sauka a nan. Na shimfiɗa taswira na bi hanyar da fensir sau uku. A halin da ake ciki, Rabe, ban ga yadda zan sa Gwaggo a cikin motar nan ba. Ko in koma wurin likita in roƙe shi a ɗaga zuwa bayan damina? Wataƙila kafin nan an sami wata dabara.

Ka yi mini haƙuri, ka kuma ba ni shawara.

Naka,
Sanda

Jibiya
3 ga Mayu

Malam Sanda,

Sallama. Muna lafiya.

Takardarka ta kwana biyar a gidan waya saboda hutun Mauludi. Da ta iso ina Maraɗi. Larai ta ga hannunka ne, ta ɗauka ranar zuwanka ka rubuto, sai ta buɗe ta karanta ma Tsohuwa da ƙarfi, ba ta fara dubawa ba. Ta kai inda ka ce bakanike ya ce mota lafiya lau, Tsohuwa ta yi hamdala. Sai ta kai inda ka ce ba ka ga yadda za ka sa ta a cikin motar ba.

Larai ce ta ba ni labari. Tsohuwa ta ce, "Yana da gaskiya. Sabuwar mota ce, ni kuwa shekara arba'in ina cikin daddawa. Warin ba ya fita a kujera. Da manyan mutane yake aiki." Ta sa aka kwance ƙunshin, ta mai da zannuwa cikin adaka. Daddawar Mero ta ce a ajiye, in an sami mai zuwa a aiko. Ta ce ta ga duniya iyakar gani, abin da ya rage ta san shi da hannu.

Kwana shida ke nan ban iya rubuto maka ba, don abin da ke bakina ba na takarda ba ne. Kakanka da kakana wa da ƙane ne, ba zan yi maka rashin kunya ba. Amma ni direba ne. Mota mai mil dubu, bakanike ya wanke ta, mai ita ya ce ba za ta je ba. Na juya maganar ta kowane gefe, ban sami inda laifin mota yake ba. In abin da Tsohuwa ta faɗa ne, ka faɗa sosai mu san inda muka tsaya, in je in roƙi limamin unguwa ya lallashe ta ta shiga ta haya. Kwana goma sha uku suka rage.

Larai ba ta ba da saƙo ba wannan karon.

Rabe

Unguwar Rimi, Kaduna
Asabar, 6 ga Mayu, 1972

Rabe, ɗan'uwana,

Assalamu alaikum. Wannan ba ta gidan waya za ta bi ba, zan kai ta tashar Kawo in ba direban Katsina hannu da hannu. Lafiyarmu ƙalau, sai dai tun da na karanta takardarka ban iya cin abinci ba.

Ba motar ba ce, ba kuma Gwaggo ba ce. Ni ne. Ga abin da na rubuta a littafina, ban canza ko kalma ɗaya ba:

"Talata, 4 ga Afrilu. Kwana na uku da canjin hannun tuƙi daga hagu zuwa dama. Na fita ƙarfe 7.20. A shataletalen kusa da ofis na shiga ta hagu, yadda na saba shekara tara a kan babur. Dattijo a kan keke, da kwandon ƙwai a baya. Na taka birki, mota ta tsaya cak. Tsakanin ƙarfen gaba da gwiwarsa bai kai taƙi ɗaya ba. Bai zage ni ba. Ya ɗaga hannunsa ya ce, 'Ɗana, gwamnati ta ce dama. Wannan ita ce dama.' Ƙwai bai fashe ba. Na bar motar a nan, masinjan ofis ya mai da ita gida."

Yau kwana talatin da biyu ban fitar da ita daga ƙofar gida ba. Kullum ina wanke ta, in tashe ta minti goma, in kashe, in bi motar Malam Yakubu. Na ce masa ina jiran a duba ta ne. Mero ta sani. Kowace safiya takan ajiye mini makullin kusa da kofin shayi, in bar shi a nan, ta ɗauke.

Ina ta neman aibi a jikin motar don in sami abin faɗa. Babu. Ita ce ma ta ceci mutumin nan, ni da na so in kashe shi. Da na ce ban ga yadda zan sa Gwaggo a ciki ba, abin da nake gani shi ne ni a mahaɗar Yashe, hannuna ya koma inda ya saba, babbar mota a gabanmu, ita kuma ba ta ma ganin abin da ke tahowa. Na je in gyara mata ido in rasa ta gaba ɗaya.

Maganar wari kuwa, a cikinsa na yi rarrafe, a cikinsa na koyi karatu, a gefen tukunyar kalwa. Ranar da aka kai ni makarantar kwana, ƙullin daddawarta na sa ƙarƙashin matashi don in iya barci. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ka ba Larai ta karanta mata wannan duka, har inda na ji kunya. Kada ta tsallake komai. Daga nan ka gaya mini abin da zan yi, don ni na rasa.

Sanda

Jibiya
8 ga Mayu

Yaya Sanda,

Wa alaikumus salam. Mun samu, kuma an karanta duka. Larai sai da ta tsaya sau biyu.

Tsohuwa ta yi dariya har ta sarƙe. Ta ce, "Ashe tsoro ne! Yaron da sai da na riƙe masa ƙafa kafin ya hau jaki." Daga nan ta yi kuka kaɗan, ta ce a fito mata da zannuwanta.

Yaya, da ka faɗa tun farko. Kafin gwamnati ta canza, ni sau biyu nake canza hannu kowace rana, hagu a Jibiya, dama da na tsallaka iyaka. Ka san sau nawa na manta? Akwai raƙumin da har yau in ya gan ni yake kauce ma hanya. Ga abin da maigidana ya koya mani, ka kwafe a littafin naka. Sitiyarinka yana hagu, to kai ne a tsakiyar titi, wanda ke gefenka shi ne a gefen daji. Kada ka tuna dama ko hagu. Ka tuna Tsohuwa tana gefen daji, shi ke nan.

Na sami lodin albasa zuwa Kaduna. In Allah ya so Juma'a ina ƙofar gidanka. Asabar da asuba in shiga gaba ka biyo ni har Jibiya, Litinin mu juyo da ita. Ni a tawa, ku a taku. Inda na sa taya nan za ka sa. Kafin kowace mahaɗa zan danna hon sau biyu.

Larai ta tambaye ta ko wannan ya halatta. Ta ce hanya ta gwamnati ce, ba ta hana kowa bi, ita dai ba ta san wanda ke gaba ba.

Ka cire makullan ofis ɗin nan.

Ƙanenka,
Rabe

Unguwar Rimi, Kaduna
Asabar, 27 ga Mayu, 1972

Zuwa ga ɗan'uwana Rabe,

Assalamu alaikum. Barka, barka! Direban Katsina ya kawo mana labarin Larai ta sauka lafiya. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Mero ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Mu nan lafiya, ruwa ya zauna sosai.

Ka juya gida tun kafin a shiga da ita ɗakin aiki, ga shi kuma ba ka san abin da ya faru a cikin motarmu ba, sai abin da ka hango ta madubi. Bari in ba ka a jere.

Ta ƙi a sa ƙunshinta a but, a cinya ta riƙe shi har Kaduna. Duk sanda ka danna hon sai ta gyara zama. Ƙuli-ƙulin da na kawo maka a Funtuwa, cewa ta yi, "Kai wa direban nan na gaba, ko wane ne. Tun safe yake wahala da mu." Bayan Zariya, da ruwan nan ya sauko, manyan motoci biyu suka shiga tsakaninmu, na daina ganinka. Na fara rage gudu zan tsaya. Ban san yadda ta gane tsoro ne ba. Ta ce, "Ina gefen daji?" Na ce e. Ta ce, "To, tafi mana." Mil goma sha ɗaya na yi ni kaɗai kafin in same ka tsaye a bakin hanya kana jira. Na duba agogon mota, shi ya sa na sani.

Motar kuwa, zuwa da dawowa, ko ruwa ba ta nema ba. Na ware shafi guda don rubuta matsalolin hanya, yana nan fari. Malam Yakubu ya ce sa'a ce. Ban yi masa gardama ba, amma yanzu ni nake ɗaukarsa ranar Litinin da Laraba.

Talata aka kwantar da ita, aka yi aikin ranar Alhamis, 18 ga wata, a idon hagu. Ranar Talata aka kwance bandeji, aka sa mata tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ina tsaye a gabanta. Ta daɗe tana kallona. Sai ta miƙo hannu ta taɓa gemuna ta ce, "Sanda, yaushe ka yi furfura? Ba wanda ya gaya mini." Na fita baranda, don ba na so ma'aikatan su gan ni.

Jiya na kawo ta gida. Ta zagaya motar sau biyu tana dogara sanda. Ta ce ashe shuɗiya ce, amma ba laifi.

Likitan da ya sallame ta ya ce kada ta yi doguwar tafiya sai bayan mako guda, saboda haka suna zai wuce mu, ku yi haƙuri. Asabar mai zuwa, 3 ga Yuni, za mu taso. Direban ya ce ka ce za ka sake zuwa ka shiga gaba. Kada ka zo, ka zauna da mai jego. Ni zan kawo ta. Na rubuta wannan layin na daɗe ina kallonsa, ban soke shi ba.

Akwai saƙo guda da ta sa na maimaita mata sau biyu don kada in ɓata. Ta ce in gaya wa Larai, Larai ta gaya wa mai gidanta. Ranar da za mu iso, ka wanke a-kori-kurarka ka ajiye ta a ƙofar gida, kai kuma ka tafi kasuwa, kada ka dawo sai la'asar. Ta ce tana so ta tsaya ta dube ta da kyau.

Wassalam.

Ɗan'uwanka,
Sanda